Yadda Muka Bi Shari'ar Ƙanena Da Masu Ƙwacen Waya Suka Nakasa

Duk lokacin da aka ji kotu ta ɗaure wanda ya daɓa wa mutum wuƙa shekara ɗaya ko biyu, maganar da ke fara fitowa a majalisa ita ce an sayi alƙali. A shari'ar ƙanena ban ga wanda aka saya ba, amma hukuncin ya zo da sauƙin da har yau yake ci mana rai. Abin da na gani da idona shi ne tun a makonnin farko aka gama rage laifin, a cikin takardun da aka rubuta lokacin da mu muke can muna fafutukar neman jini da magani. Shi ya sa na ga ya dace in rubuta yadda abin ya gudana daki-daki, ko wanda Allah ya jarraba da irin wannan zai san inda zai sa ido. Ba zan ambaci garinmu ko ofisoshin da muka shiga ba. Ya isa a san cewa a ɗaya daga jihohin Arewa ne.

Ƙanena tela ne mai ɗinkin maza, yana da mata da 'ya'ya biyu. A cikin watan Fabrairun 2021, bayan sallar isha'i, ya rufe shago ya kama hanyar gida a ƙasa, sai samari biyu suka tare shi a wani lungu suka ce ya kawo waya. Ya dafe aljihu. Ɗaya ya kawo masa yanka, ya kare da hannun dama, wuƙar ta datse jijiyoyin tsintsiyar hannun, sannan ya ƙara masa suka a gefen ciki. Wanda ya zare wayar ya arce. Mai wuƙar kuwa ƙafarsa ta zame ya faɗa kwata, 'yan sintiri da mai shayin bakin layi suka danne shi kafin ya tashi. A adaidaita sahu aka kai ƙanena asibiti, can na same shi. Abin da aka fara tambayarmu a ɗakin karɓar gaggawa shi ne ina ɗan sanda. Wannan tambaya tana cinye lokacin da majinyaci ba shi da shi, alhali dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar wanda ke buƙatar taimakon gaggawa, an kuma yi wata dokar a 2017 da ta wajabta duba ko da wanda aka harba da bindiga ne ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Wani likita ne ya ce a shiga da shi, takarda ta biyo baya. Allah ya saka masa da alheri. Tiyatar ciki a daren, ta hannu daga baya, da jini da magunguna da gwaje-gwaje, sun haura naira dubu ɗari huɗu a kuɗin wancan lokaci. Babanmu ya sayar da tumakinsa, abokan sana'arsa suka yi karo-karo.

Washegari da hantsi ɗan sanda mai bincike ya zo gadon asibiti. Shi ake kira Ai-Pi-O, kuma sunansa da lambar wayarsa su ne abin farko da ya kamata mutum ya rubuta ya adana, domin fayil ɗin a hannunsa yake. Ƙanena bai gama farfaɗowa daga allurar tiyata ba, yana magana yana lumshe ido. Shi yana faɗa da Hausa, jami'in yana rubutawa da Turanci a fom ɗin da ya ɗora bisa gwiwarsa, duka bai wuce rabin shafi ba. Da ya gama, ya kamo babban yatsan hagu na yaron, tunda na daman yana cikin bandeji, ya goga masa tawadar biro ya dangwala a ƙasan takardar. Ba a karanta masa abin da aka rubuta ba, babu kuma wanda ya ce mana yana da haƙƙin a karanta masa. Sai bayan fiye da shekara wani lauya ya fassara mana: wai samari sun tare shi, rigima ta kaure, ɗaya ya ji masa rauni da wuƙa, wayarsa kuma ta ɓata. Babu inda aka ce sun nemi ya ba da wayar kafin su sa masa wuƙa. Wannan jimlar da ta faɗi ita ce iyakar da ke tsakanin fashi da makami da faɗan samari a lungu.

A caji ofis na ga wuƙar da idona a kan kantar ofishin, 'yan sintiri sun kawo ta a naɗe da jarida, mai ƙotar roba ce baƙa. Akwai littafin da ake shigar da kayan shaida, a ba kowane lamba. Ita dai ba a shigar da ita ba a ranar, kuma da aka tashi mayar da binciken sashen manyan laifuka na hedikwatar jiha bayan kamar mako guda, fayil ya tafi, wanda ake zargi ya tafi, wuƙa ba ta tafi ba. Mun kashe 'yan kuɗaɗe a wannan tsakani, na fayil, na hoto, na man motar da za ta kai shi hedikwata, duk babu rasit. Kundin tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya, ko biyu idan kotun na nesa, amma shi sai da ya kusa mako uku a hannu. Lokacin ban damu da wannan ba tunda ba nawa ba ne a tsare. Daga baya na ga yadda lauyansa ya kafa hujja da shi, ya ce tilasta masa aka yi ya amsa laifi, tunda ba a gaban lauya aka ɗauki bayaninsa ba, ba a kuma naɗe shi a bidiyo ba kamar yadda sabbin dokokin shari'ar laifuka suka tanada. Ta tarayya an yi ta a 2015, jihohi kuma suka bi da nasu.

Shaidu su ne ciwon kai na biyu. 'Yan sintiri biyu sun ba da bayani a caji ofis. Mai shayin kuwa, wanda shi kaɗai ya ji lokacin da ake cewa a kawo waya, ya ƙi zuwa hedikwata. Na same shi da safe yana fifita wuta, na roƙe shi. Ya ce, "Malam, ni a bakin titin nan nake kaiwa tsakar dare, abokan yaron nan kuma suna nan. Idan suka zo mini wa zai tsaya mini?" Ban iya ba shi amsa ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Sai rahoton likita. 'Yan sanda ke ba da fom, a kai asibiti, a biya kuɗi, likita ya cike. Namu an cike shi tun ƙanena yana kwance, abin da ke ciki gaskiya ne a ranar: yanka mai zurfi a hannu, suka a ciki, an yi aiki, majinyaci yana samun sauƙi. Bayan watanni ana gashin hannun ne ta tabbata cewa yatsu uku, babba da manuniya da na tsakiya, ba za su ƙara lanƙwasuwa ba. Tela ba ya riƙe almakashi sai da su. Rahoton farkon shi ya zauna a fayil har ƙarshe. Dokar Final Kod, wato kundin hukunta laifuka da jihohin Arewa suka gada tun 1960, ko da yake wasu sun sabunta tasu lambobin sassan sun canza, ta raba rauni gida biyu. Akwai rauni kawai, akwai kuma rauni mai tsanani, wanda ya haɗa da nakasa gaɓa ta dindindin, karya ƙashi, raunin da ya jefa rai cikin haɗari, ko wanda ya hana mutum harkokinsa na tsawon kwana 20. Idan da makami aka yi, na farkon ɗaurinsa bai wuce shekara 3 ba, na biyun yana kaiwa shekara 14. Ƙanena ya cika sharuɗɗan na biyun ta fuska uku. Takardar da ke gaban hukuma ba ta nuna haka ƙarara ba.

A kotun majistare aka fara gurfanar da yaron, da takardar tuhuma ta 'yan sanda da ta ce haɗa baki da fashi da makami. Na yi zaton shari'a ta fara ke nan. Ashe majistare ba ta da hurumin sauraron fashi da makami, na babbar kotu ne. Aka karanta tuhumar, ba a ma tambaye shi ya amsa ko ya musa ba, aka ce a kai shi gidan yari, a aika kwafin fayil ma'aikatar shari'a domin lauyoyin gwamnati su ba da shawara, aka ɗage. Duka abin bai kai minti goma ba. Daga nan muka shiga zuwa kotu ana ɗagewa. Wata rana babu motar da za ta kawo fursunoni, wata rana mai gabatar da ƙara ya miƙe ya ce shawara ba ta fito ba. A watan Afrilun 2021 ma'aikatan kotuna suka shiga yajin aiki a duk faɗin ƙasa, ƙofofi suka zauna a garƙame kimanin wata biyu. Wanda bai taɓa zama a bencin kotu tun ƙarfe tara zuwa azahar don ya ji kalma biyu ba, ba zai gane yadda gajiya ke sa mai gaskiya ya saki ƙararsa ba. A nan na fahimci dalilin da ya sa kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin Najeriya masu jiran shari'a ne. Abin da ya rage mana wahala shi ne sabawa da magatakardan kotun. A wurinsa ake samun lambar ƙara da ranar da aka sa, kuma kiran waya ɗaya da sassafe yana hana mutum asarar kuɗin mota da yinin aiki.

A cikin wannan jira ne masu neman sulhu suka fara zuwa. Kawun yaron ya zo da mai unguwarsu da wani dattijo, suka zauna a zauren babanmu. Sun yi jaje, sun ce ƙaddara ce, sun ce yaron maraya ne, ƙwaya ce ta lalata shi, suka ajiye naira dubu ɗari suka ce a taimaka a janye. Mahaifiyarsa ma ta zo wajen Hajiyarmu tana kuka, kuma kukan nata na gaskiya ne. Baba ya sa aka kira ƙanena, ya ce hannunka ne, kai ke da magana. Ya ce, "Baba, da waya ce kawai da na yafe tun a daren. Amma wanda aka saki yau, gobe wa zai soka?" Aka mayar musu da kuɗinsu cikin mutunci. Ya kamata a sani cewa manyan laifuka irin fashi ba a janye su don iyalai sun daidaita, domin ƙarar ta gwamnati ce, wanda aka cuta shaida ne kawai. Babban lauyan jiha ne kundin tsarin mulki ya ba ikon dakatar da ita. Amma idan wanda aka cuta ya daina zuwa, ƙarar kan mutu da kanta, kuma masu zuwa sulhu sun san haka sarai.

Da muka ga shekara na neman cika babu labari, wani abokin aikina ya haɗa ni da lauya. Shi ya fara bayyana mini cewa wanda aka cuta yana iya ɗaukar lauyan da zai zauna a kotu yana sa ido a madadinsa, ba shi ke gabatar da ƙara ba, amma yana iya tuntuɓar mai gabatarwa, ya rubuta takarda, ya ja hankali. Muka daidaita a kan kuɗin da zan biya a hankali. Ya rubuta wa ma'aikatar shari'a takardar tuni, muka kai da kanmu, aka buga mana hatimin karɓa a kwafinmu. A nan muka gano fayil ɗin ya daɗe bai ma iso ba, sai da aka koma hedikwatar 'yan sanda aka biya kuɗin kwafe shi. Shawarar ta fito a farkon 2022. Lauyar gwamnatin da ke riƙe da fayil ɗin ta karɓe mu a ofishinta, tebur cike da fayiloli har ƙasa, kuma ta yi mana magana ba ɓoye-ɓoye. Ta ce babu wuƙa, babu waya, babu shaidar da ya ji an nemi waya, bayanin majinyaci bai ce fashi ba, wanda ake zargi kuma ya janye amsa laifinsa. Ta ce a dokar fashi ta tarayya, fashi kaɗai ɗaurin shekara 21 ne mafi ƙaranci, idan da makami ko an ji wa mutum rauni kuwa kisa ne, kuma babu alƙalin babbar kotu da zai yanke irin wannan hukunci a kan wannan fayil. Ta ce, "Malam, ko in kai shi sama a sallame shi, ko in mayar da shi ƙasa a ɗaure shi." Aka mayar da tuhumar haɗa baki da jin rauni da makami, aka dawo da ita majistare. Barista, wato lauyanmu, ya nemi a sa rauni mai tsanani, aka ce a kawo sabon rahoton likita. Likitan da ya yi aikin hannun ya bar asibitin, neman wanda zai duba fayil ya sa hannu ya ja makonni.

Rahoton bai riga ranar kotu ba. Bayan ƙaramar sallar 2022 aka kira ƙarar, aka karanta sabuwar tuhumar, aka fassara masa. Ya ce ya aikata. Idan wanda ake tuhuma ya amsa laifi ba a kiran shaidu, nan take ake yanke hukunci. Ƙanena yana zaune kusa da ni da hannunsa a cikin aljihun riga, ba a kira shi ba, ba a ce ya nuna hannun ba. Lauyan yaron ya miƙe ya roƙi sassauci, ya ce wannan ne karonsa na farko, matashi ne, ya yi nadama, bai ɓata wa kotu lokaci ba, ya kuma daɗe a tsare. Mai gabatar da ƙara ya ce ba shi da wani tarihin laifi a kansa. Barista namu yana wata kotun a safiyar, kafin ya iso an gama. Shekara biyu a kan rauni, wata shida a kan haɗa baki, su tafi a tare, a fara lissafi daga ranar da aka kama shi. Ba a ambaci diyya ba. A waje ƙanena ya tambaye ni, "Yaya, shekara biyu daga yau?" Na ce a'a.

Abin da ban sani ba a lokacin, sai Barista ya lissafa mini, shi ne gidan yari na rage kashi ɗaya cikin uku na wa'adi ga fursunan da bai yi laifi a ciki ba, abin da mutane ke cewa shekarar gidan yari wata takwas ce. Shekara biyu ta koma wata 16, shi kuma ya riga ya kusa cinye su yana jiran shari'a. Kafin babbar sallah ya fito. Matar ƙanena ce ta fara ganinsa a bakin kasuwa, ta dawo gida jikinta na rawa.

Barista ya ce hanyoyi biyu suka rage. Wanda aka cuta ba ya ɗaukaka ƙara da kansa a kan sauƙin hukunci, sai dai ya rubuta wa babban lauyan jiha koke ya roƙi gwamnati ta ɗaukaka, kuma kwana 30 ne wa'adin. Mun rubuta. Amsar da muka samu da baki ita ce shekara biyu cikin uku ba sassauci ba ne a kan tuhumar da ke gaban kotu, kuma a takarda haka ɗin ne. Ɗaya hanyar ita ce ƙarar neman diyya a kotun farar hula, a kan yaron da ba shi da ko keke. Mun bar ta. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne sashe na 78 na Final Kod, wanda ya ba alƙali ikon umartar mai laifi ya biya wanda ya cuta diyya, a kan ɗauri ko a madadinsa. Dokar tana nan. Babu dai wanda ya miƙe ya roƙa.

Ana yawan tambayata ko da an ɗaure shi shekara goma zai dawo wa ƙanena da yatsunsa. Ba zai dawo da su ba, kuma mu ba mu taɓa neman a kashe yaron ba. Amma na ga abin da fitowarsa ta yi wa unguwa. Samarin da ke zama a kangon bayan layi sun ga abokinsu ya nakasa mutum ya dawo kafin jaririn da aka haifa a lokacin ya iya magana, na biyunsu kuma ba a ma taɓa kama shi ba. 'Yan sintirin da suka sayar da rai suka kama shi, ɗaya ya ajiye aikin. Mai shayi ya ce mini, "Ka gani ko, Malam?" Mafi muni, a damunar da ta biyo baya aka yi ihun ɓarawo a kan wani yaro a bakin titi, jama'a suka rufe shi da duka, da 'yan sintiri suka ce a kai shi caji ofis sai aka ce a kai shi ya dawo gobe? Da ƙyar aka ƙwace shi da rai, kuma ba a sami wayar kowa a jikinsa ba. Hukuncin da bai kai girman laifi ba yana sakin mai laifi, yana kuma koya wa mutanen kirki ɗaukar doka a hannu, kuma wanda hannun jama'a ya faɗa wa ba a tambayarsa shaida.

Duk da haka ba na tare da masu cewa maganin kawai a tsananta doka. Dokarmu a rubuce ba ta da sauƙi, kisa ta tanada wa ɗan fashi. Akwai fiye da mutum 3,000 da ke jiran a zartar musu da hukuncin kisa a ƙasar nan, gwamnoni ba kasafai suke sa hannu ba, na ƙarshe da aka zartar a jihar Edo ne a 2016, ƙwacen waya kuma bai ragu don tsoron igiya ba. Barista ya taɓa gaya mini cewa tun 1764 wani masanin shari'a ɗan Italiya, Cesare Beccaria, ya rubuta cewa tabbacin za a hukunta mutum ya fi tsananin hukuncin hana shi laifi, kuma binciken masana na zamanin nan ya fi karkata ga hakan. Na yarda, domin na ga yaran nan ba sa lissafin shekaru. Lissafinsu shi ne za a kama ni, in an kama ni za a sami shaida, in an samu wa zai fitar da ni. Har ma tsananin dokar fashin ya taimaka wajen sauƙaƙa hukuncin namu, tunda tsakanin kisa da shekara uku lauyar gwamnati ta zaɓi wanda take da tabbacin samu. Kuma hanzari ba gagararre ba ne. A Kano, mai makarantar da ya sace ɗalibarsa 'yar shekara biyar ya kashe ta, an kama shi a Janairun 2022, babbar kotu ta yanke masa hukunci a Yulin shekarar, domin idon duniya yana kai. Telan lungu ba shi da wannan idon.

Limamin masallacinmu ya ƙara buɗe mini ido ta wani ɓangaren. Ya karanto ayar Suratul Ma'ida da ta ce raunuka ma akwai ƙisasi a kansu, ya ce a fiƙihu hannu rabin diyyar rai ne, kowane yatsa raƙuma goma cikin ɗari, gaɓar da ta daina aiki kuma hukuncinta kamar wadda aka cire ne. Ya ce haƙƙin na wanda aka cuta ne, shi zai ce a rama, ko a biya, ko ya yafe, kuma yafiyar tana da lada ne domin da ikonsa ya yi ta. Abin da ƙanena ya rasa ke nan a kotun da muka je. An yi wa wanda ya nakasa shi rangwame da hannun da ba na mai rangwamen ba, ba a ko tambaye shi ba. Jihohi 12 na Arewa sun kafa shari'ar Musulunci a kan laifuka tun daga 2000, saboda haka a irin waɗannan jihohi yana da kyau iyali su tambayi lauya tun da wuri wace kotu ce ta fi dacewa da ƙararsu, kafin 'yan sanda su shigar da ita.

Yanzu ƙanena yana zama a shagon, yana awo yana karɓar aiki, yaron da ya koya wa ɗinki ke yanka da hawa keke, suna raba abin da aka samu. Bashin asibiti sai bara muka gama biya.

Ga wanda abin ya faɗa wa, a raba aiki tun daren farko: wani ya tsaya a asibiti, wani mai karatu ya tsaya da 'yan sanda. Kada majinyaci ya ba da bayani yana cikin mayen allura, a roƙi jami'in ya dawo, idan kuma an rubuta a karanta masa da harshen da yake ji kafin ya dangwala, a tabbatar an sa abin da maharan suka faɗa da abin da suka ɗauka. A ɗauki hoton makamin, a tsaya sai an shigar da shi littafi an faɗi lambarsa. A ɗauki hoton raunin kafin ɗinki da bayansa, a adana kwalin waya da rasit ɗinta saboda lambar da ake bin sawunta da ita, a tara kowane rasit na asibiti a leda ɗaya, domin da su ake lissafin diyya. Shaidu a kai su su ba da bayani a rubuce tun abin yana da zafi, kafin tsoro ya shige su. Rahoton likita kuma ba ɗaya ba ne. Da zarar ta bayyana cewa gaɓa ba za ta koma daidai ba, a nemi na biyu daga likitan da ya yi aikin tun yana nan, a kai wa mai bincike da ma'aikatar shari'a, a karɓi hatimi a kwafi.

Lauya mai sa ido a neme shi tun ranar da aka fara zuwa majistare, ba sai an gaji ba. Wanda ba shi da hali ya je ofishin ƙungiyar lauyoyi na garinsu ya tambayi masu aikin taimako, ko ofishin hukumar kare haƙƙin ɗan'adam. A bi fayil a tabbatar ya isa ma'aikatar shari'a, kada a ɗauki kalmar "an aika" a zauna. Dokar shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta ce a nemi yardar wanda aka cuta ko wakilinsa idan za a yi yarjejeniyar rage tuhuma don mai laifi ya amsa, saboda haka a tambayi lauya abin da dokar jihar ta ce a kan wannan. Daga ranar da aka sauya tuhuma kuwa, kowane zama yana iya zama na ƙarshe, domin wanda aka rage wa laifi yakan amsa nan take. A ranar lauyanku ya kasance a ciki tun kafin alƙali ya zauna, da rahoton likita na ƙarshe da rasit a hannu, ya riga ya gana da mai gabatar da ƙara a kan ya roƙi kotu ta ga raunin da idonta, ta kuma sa diyya a cikin hukuncin. Idan ba a shirya ba a roƙi a ɗage, domin da zarar alƙali ya furta hukunci ya sa hannu, ba shi da ikon komawa ya ƙara ko ya gyara.